Yadda Ake Gyara Hanyar Ruwa a Tsakar Gida Mai Laka Kafin Shimfiɗa Ciyawar Roba

Akwai wata damina da aka kira ni wani gida in duba ciyawar roba da aka shimfiɗa a tsakar gidan watanni huɗu kacal kafin saukar ruwa. Daga bakin ƙofa wurin ya yi kyau, kore shar kamar filin ƙwallo, amma ina ɗora ƙafa sai ruwa ya ɓulɓulo ta gefen takalmina, ciyawar ta lotsa kamar an taka katifa, wani wari na ruɓaɓɓen taɓo ya taso. Da muka ɗaga gefe guda, sai muka tarar yashin da aka baza a ƙarƙashi ya zama kunu, ƙasa da shi kuma laka ce mai sulɓi, ta riƙe ruwan kamar kasko. Masu aikin ba su yi algus a ciyawar ba, mai kyau suka kawo. Abin da babu wanda ya tambaya shi ne inda ruwan zai tafi bayan ya sauka.

Ciyawar roba shimfiɗa ce kawai. Zaren roba ne da aka dasa a kan wani kakkauran baya mai ƙananan huji, kuma aikin hujin bai wuce ya bar ruwa ya zarce ƙasa ba. Ba ta da saiwar da za ta sha ruwa, sannan tana kare ƙasar daga rana da iska, ta yadda damshin da zai bushe cikin yini guda sai ya kwana uku bai bushe ba. Wurin da ta fara yin suna ma, wato filin wasa na Astrodome da ke birnin Houston a Amurka, inda aka shimfiɗa ta a 1966, fili ne mai rufi wanda ruwan sama ba ya taɓawa. Wanda zai shimfiɗa ta a sarari, a kan laka, a ƙasar da ruwan shekara ke sauka cikin wata huɗu ko biyar, dole ne ya gina wa ruwan hanya da hannunsa.

Dalilin taurin kan laka yana cikin ƙanƙantar ƙwayoyinta. Ƙwayar laka ba ta kai milimita 0.002 ba, alhali ƙwayar yashi kan kai har milimita 2, saboda haka ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin laka sun yi ƙanƙantar da ruwa ba ya ratsa su sai a hankali ƙwarai. A awa ɗaya laka kan shanye ruwa milimita 1 zuwa 5 ne kawai, yayin da ƙasa mai yashi-yashi kan shanye 20 zuwa 30. Kowace milimita ta ruwan sama da ta sauka a murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Idan tsakar gida mita 6 ce a faɗi, mita 10 a tsawo, aka kuma yi ruwa mai ƙarfi na milimita 30, to lita 1,800 ce ta sauka a wurin, wato duro tara, kuma abin da lakar za ta iya sha a awar farko ba zai wuce lita 300 ba. Da yumɓu ake gina randa. Duk wanda ya haƙa rami a laka ya cika shi da tsakuwa ba tare da ya yi masa mafita ba, randa ya binne a gidansa. Wannan ne ya sa aikin nan ake fara shi daga mafitar ruwa a dawo baya, ciyawar kuwa ita ce abu na ƙarshe.

Mataki na farko: a san ƙasar, a kalli ruwan

A haƙo ƙasa daga zurfin kamar santimita 20, a jiƙa ta kaɗan, a murza ta a tafin hannu, sannan a matse ta tsakanin babban yatsa da manuni tana fitowa kamar zare mai faɗi. Idan ta kai santimita 5 ko fiye ba ta karye ba, tana kuma ƙyalli da manne wa fata, laka ce sosai. Bayan haka a haƙa rami mai faɗin santimita 30 da zurfin santimita 30 a wurare biyu ko uku, a cika shi da ruwa a bari ya tsotse, sannan a sake cikawa a tsaya da ma'auni ana duba yadda yake sauka. Cikawa ta biyu ita ce abin lura, domin ta farko busasshiyar ƙasa ce ke kashe ƙishirwa. Idan ruwan ba ya sauka da santimita 2 a awa, ko kuma aka wayi gari yana nan, to kada a sa rai ƙasar za ta sha ruwan damina.

Akwai wani sakamako na daban da ya kamata a kula da shi. Idan aka bar ramin babu ruwa, ba a kuma yi ruwan sama ba, amma da safe aka tarar ruwa ya taru a ciki, to ruwan ƙasa ne ya taso kusa, abin da ake yawan gani a gidajen da aka gina a tsohuwar fadama ko a kan kududdufin da aka cike. A irin wannan wuri zurfafa haƙa ba ya magani. Ɗaga filin ake yi sama da tsakuwa. Haka nan baƙar lakar nan ta firgi da ake samu a kudancin Tafkin Chadi, wajen Dikwa da Ngala, da makamanciyarta a kewayen Numan, wadda take kumbura da damina ta tsage da rani har hannu ya shiga tsagar, tana buƙatar shimfiɗar dutse mai kauri fiye da ta sauran wurare, domin motsinta kan karkatar da duk abin da aka ɗora mata.

Gwajin da ya fi duk waɗannan shi ne tsayawa a tsakar gida da laima lokacin da ake sheƙa ruwa a watan Agusta. A lura da inda ruwa ke fitowa, da inda yake bi, da inda yake kwanciya bayan an ɗauke, a kafa turaku a wuraren, a ɗauki hoto da waya, domin da rani duk ƙasar ɗaya take a ido. Aikin kansa kuwa ya fi kyau a yi shi bayan ɗaukewar ruwa, daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, lokacin da lakar ke da ɗan laushi amma ba ta caɓe ba. Da bazara sai ta yi tauri har diga na tsalle a kanta, da damina kuma kowane taku yana daɗa toshe ta.

Mataki na biyu: a nemo mafita, a auna tudu da gangare

Mafita ita ce wuri mafi ƙasa da ruwa zai iya zuwa da kansa ya bar gidan: lambatun bakin titi, ko kwalbati, ko rariyar da aka huda a katanga, ko wani kwari a bayan gida wanda ba na kowa ba ne. Wurare biyu kam ba mafita ba ne. Na farko gidan maƙwabci, domin juya wa maƙwabci ruwa cutarwa ce, kuma tana kai mutane gaban mai unguwa kowace shekara. Na biyu ramin sokawe na bayan gida, domin ruwan sama zai cika shi cikin dare ɗaya ya dawo da ƙazanta ta bututu.

Ba a dogara da ido wajen awon gangara. Abin da ya fi sauƙi shi ne tiyo fari wanda ake ganin ruwan cikinsa, irin wanda magina ke amfani da shi, mai tsawon mita 15 ko fiye. A cika shi da ruwa, a tabbata babu kumfar iska a ciki, mutum ɗaya ya riƙe baki guda a jikin bango inda aka yi alama da alli, ɗayan ya zaga da ɗaya bakin zuwa kowane turke yana yin alama daidai inda ruwan ya tsaya. Duk alamomin nan a layi ɗaya suke, saboda haka idan aka auna daga kowace alama zuwa ƙasa za a san inda ya fi tudu da inda ya fi kwari, da santimita nawa ne tsakaninsu. A auna har cikin gindin lambatun waje, a rubuta komai a takarda.

Ga abin da ake nema da wannan awo. Gindin da za a haƙa zai sauka kamar santimita 13 daga saman ciyawa, kan ramin da za a binne bututun fitar da ruwa a ciki zai ƙara sauka da santimita 30, sannan bututun zai riƙa gangarawa da santimita ɗaya a kowace mita. Idan zai yi tafiyar mita 15 kafin ya kai titi, bakinsa zai fito ne kusan santimita 60 ƙasa da saman ciyawar. Idan gindin lambatun ya fi haka zurfi, an dace. Idan bai kai ba, to sai a yi shawara tun yanzu, kafin a sayi ko da tifa ɗaya ta dutse. A wannan lokacin ne kuma ake bincika inda bututun ruwan famfo da wayar lantarki da wayar injin burtsatse suka bi a ƙarƙashin ƙasa, a zana layinsu da toka don lebura ya gani.

Mataki na uku: a raba ruwan rufi da tsakar gida

Mutane da yawa suna tsallake wannan, alhali sau da yawa shi ne rabin matsalar. Rufin kwano mai murabba'in mita 100 yana zubar da lita 3,000 a ruwan milimita 30, wato ya fi abin da ke sauka a tsakar gidan kanta yawa, kuma yana faɗowa ne da ƙarfi a wuri ɗaya. A sa mazurari a bakin kwanon, a saukar da ruwan indararo cikin bututu marar huji mai faɗin inci 4, a bi da shi kai tsaye zuwa mafita ko zuwa tanki, wanda kuma aka yi wa hanyar ambaliya idan ya cika. Kada a haɗa shi da bututu mai huji da za a binne a ƙarƙashin ciyawa, domin a lokacin ruwa mai ƙarfi zai cika bututun ya riƙa fesar da ruwa ta hujin zuwa cikin dutsen da ake son ya bushe. Ruwan wanke-wanke da na wurin alwala su ma a yi musu tasu hanyar, saboda sabulu da maiƙo suna toshe tsakuwa, kuma su ne ke jawo wari.

Mataki na huɗu: haƙa da daidaita gindi

A kwashe ciyayi da saiwoyi da ƙasar sama gaba ɗaya, a haƙa zurfin santimita 12 zuwa 15, a ƙara zuwa 20 a ƙasa mai kumbura. A tsakar gida mai murabba'in mita 60 wannan ya kai ƙasa kubik mita bakwai da rabi, baro fiye da ɗari, kuma laka takan ƙara yawa idan aka tone ta, saboda haka a tanadi inda za a zubar da ita tun kafin lebura su zo.

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne a yi gangarar a jikin lakar kanta, ba a saman dutse kaɗai ba. Ruwa zai ratsa ciyawa da dutse cikin sauri, ya sauka a kan laka, daga nan kuma siffar lakar ce za ta yanke inda zai bi. Idan gindin ya yi shafal ko yana da loko, ruwa zai kwanta a can ko da saman ya yi gangara mai kyau. A ba shi gangarar santimita ɗaya da rabi zuwa biyu a kowace mita, daga jikin ɗakuna zuwa wajen mafita, wato santimita 15 zuwa 20 a tsawon mita 10, a kuma ƙara tsananta ta a mita biyun farko na kusa da bango. A ɗaura igiya a turaku bisa awon da aka yi, a riƙa aunawa daga igiya zuwa ƙasa ana sassaƙe tudu da shebur. Inda aka zarce da haƙa a cike da fasasshen dutse, ba da ɓurɓushin laka ba, domin zai zauna daga baya. A tabbata kuma saman ciyawar zai kasance aƙalla santimita 15 ƙasa da daɓen ɗakuna, don kada damshi ya hau bango. Daga nan a bi gindin da injin daɓe sau ɗaya ko biyu don ya yi ƙwari, amma sai ƙasar ta sha iska. Laka jiƙaƙƙiya idan aka daɓe ta rawa take yi a ƙarƙashin injin, ba ta zama.

A nan ne ake yawan ba mai gida shawarar ya zuba yashi a cakuɗa da lakar don ta saki. Ban taɓa ganin wannan ya yi amfani ba. Ƙananan ƙwayoyin laka suna cika duk ƙofofin da ke tsakanin yashin, sai a samu abu mai tauri irin ƙasar da ake kwaɓawa a yi tubali, kuma yawan yashin da zai iya canza halin ƙasar ya fi ƙarfin aljihun kowa. Ba gyaran laka ake yi ba a wannan aiki, hanya ake yi wa ruwa ta bisa kanta.

Mataki na biyar: ramukan bututu

A haƙa babban rami a gefen da ya fi kwari, mai faɗin santimita 30, zurfinsa kuma santimita 30 daga gindin da aka daidaita, yana ƙara zurfi da santimita ɗaya a kowace mita har zuwa mafita. A ƙaramar tsakar gida da faɗinta bai wuce mita 4 ko 5 ba, wannan rami ɗaya ya isa, tun da gangarar gindin za ta kawo masa ruwa. Idan wurin ya fi haka girma, a yi masa rassa da za su shigo cikinsa a karkace kamar ƙashin kifi, tsakanin kowane reshe da ɗan'uwansa mita 3 zuwa 4, a kuma tabbata wani reshe ya ratsa duk inda aka kafa turke da damina. A nisanta ramukan daga tushen gini da na katanga da aƙalla mita ɗaya. Da an gama haƙa, a tsiyaya bokitin ruwa a kan kowane rami a bi shi da ido. Inda ya tsaya, a gyara tun babu komai a ciki.

Sai a shimfiɗa yadin tace ƙasa, wanda masu sayar da kayan gini ke kira jiyotekstil, irin mai kama da bargo ba saƙaƙƙe ba, ya rufe gindi da bangon ramin, a bar rara a gefe biyu da za a naɗe daga sama. Aikinsa shi ne ya bar ruwa ya wuce ya tare laka, domin in babu shi lakar za ta riƙa narkewa tana shiga tsakanin duwatsu har ta toshe su. Leda ko tsohuwar tamfol ba sa maye gurbinsa, su ruwan ma suke tarewa. A zuba fasasshen dutse irin na kankare, mai girman milimita 20, kaurin santimita 5, a ɗora bututu mai huji mai faɗin inci 4 a kai. Dutsen ya zama wankakke; idan an kawo shi da ƙura, a zuba shi a baro a watsa masa ruwa kafin ya shiga rami.

Hujin bututun ƙasa yake kallo, ba sama ba. Wannan kan ba lebura mamaki, kuma idan ba a tsaya a kansu ba sai sun juya shi. Ruwa ba daga sama yake faɗowa cikin bututun ba, a gindin ramin yake taruwa yana tasowa, saboda haka idan hujin na ƙasa zai shiga da wuri, idan kuwa yana sama sai ramin ya cika har ya shanye bututun kafin ɗigo ɗaya ya fita. Inda ba a samu mai huji ba, a sayi bututun roba mai kauri a huda shi da injin huji: layi biyu a ɓangaren ƙasa, kowane huji milimita 8 zuwa 10, tsakaninsu santimita 10 zuwa 15. A cika ramin da dutse har bakinsa, a naɗe yadin a kai. A kan kowane layi a ɗago wani guntun bututu zuwa sama a sa masa murfi, don a iya zura tiyo a wanke shi nan gaba, sannan inda layukan suka haɗu a gina ƙaramar cemba, wato ramin tara ruwa na bulo mai murfi, wadda gindinta ya fi bakin bututun zurfi da kamar santimita 20, domin laka ta kwanta a ciki maimakon ta wuce. Daga cembar zuwa titi bututu marar huji ake sawa, a toshe bakinsa da ragar ƙarfe saboda ɓera da maciji da kwaɗi.

Idan titi ya fi gida tudu

Wannan ya zama ruwan dare a tsofaffin unguwanni, inda aka yi ta ɗaga titi duk lokacin da aka gyara shi har gidaje suka koma cikin rami. Dabara ta farko ita ce a ɗaga tsakar gidan da dutse, idan tsayin daɓen ɗakuna ya ba da dama, a rage zurfin ramukan ta yadda bututun zai fita ta sama da ruwan lambatu. A lura da tsayin da ruwan lambatun ke kaiwa idan ya cika, ba gindinsa kaɗai ba, domin bututun da ya nutse hanya ce ta shigowar ruwan titi cikin gida. Inda ake shakka, a sa masa bawul mai buɗewa ta gefe ɗaya. Dabara ta biyu ita ce a tara ruwan a babbar cemba a sa famfon da ake nutsawa a ruwa, mai tashi da kansa idan ruwa ya kai wani tsayi, sai dai kowa ya san lokacin hadari ne aka fi ɗauke wuta, don haka cembar ta zama mai girma, famfon kuma ya samu batir ko janareta. Ramin tsotse ruwa kuwa ba ya aiki a laka sai idan an haƙa har an ratsa ta an tarar da yashi ko marmara mai shan ruwa a ƙasa, an kuma gwada an ga yana sha. Shi ma a nisanta shi da gini da aƙalla mita 5.

Mataki na shida: shimfiɗar dutse

Kafin a zuba komai a gina gefen da zai riƙe dutsen, da bulo ko kankare. A ƙasashen Turai katako suke sawa, amma a nan abincin gara ne. A ɓangaren da ke kwari a bar ƙananan kafofi a jikin ginin, don kada shi kansa ya zama madatsar ruwa. Daga nan a shimfiɗa yadin tace ƙasa a kan lakar gaba ɗaya, kowane yanki ya hau kan ɗan'uwansa da santimita 30.

A kan yadin a zuba fasasshen dutse mai kusurwa, na milimita 10 zuwa 20, kaurin santimita 10, amma a kashi biyu: a baza santimita 5, a yayyafa ruwa, a bi da injin daɓe tsaye da kwance har sai ya daina motsi, sannan a ƙara sauran. Fasasshen dutse yana kama juna ya tsaya, tsakuwar rafi mai santsi kuwa birgima take yi a ƙarƙashin ƙafa. Tsakar gida mai murabba'in mita 60 za ta ci kubik mita 6, a kuma ƙara kaɗan a kan lissafi saboda abin da daɓe zai cinye. Magina za su ce a sa burji, domin shi suka saba cike fandisho da shi kuma ya fi araha. Burji yana da laka a cikinsa, kuma idan aka daɓe shi ruwa ba ya ratsa shi, abin da ya sa ya dace da hanya. A ƙarƙashin ciyawar roba kuwa ƙarin laka ne a kan laka.

Abu na ƙarshe shi ne shimfiɗa mai laushi ta santimita biyu da rabi wadda ciyawar za ta kwanta a kai. Abin da ya fi dacewa shi ne ƙananan tsakuwar dutse na milimita 2 zuwa 6. Idan garin dutse kawai aka samu, a tankaɗe ƙurar da ta yi yawa, a kuma sa wani yadin tsakaninsa da manyan duwatsun, don kada ya zurare ya cika ƙofofinsu. Yashi zalla ba ya zama wuri ɗaya, ruwa yana kwashe shi, tururuwa kuma na gina gida a ciki. Shi ne kunun da na tarar a gidan da na ambata. A ja saman da dogon katako madaidaici, a daɓe, a sake jawo igiya a tabbata gangarar tana nan.

Mataki na bakwai: gwaji, sannan ciyawa

Kada a buɗe naɗin ciyawar sai an gwada. A saki tiyo a wuri mafi tudu na tsawon rabin awa, ko a sa masu ruwa su juye kura biyu ko uku a lokaci ɗaya, mutum guda ya tsaya a bakin cemba. Ruwa ya kamata ya ɓace daga saman dutse nan take, ya bayyana a cembar bayan 'yan mintuna, da farko ja-ja, daga baya garau. Duk inda ya kwanta a sama, ƙura ce ta yi yawa a wurin, a kwashe a sake. Idan ya ɓace amma bai fito a cemba ba, to akwai loko a gindi ko bututu ya karkace, kuma yanzu ne tono ke da sauƙi.

Ita ma ciyawar a gwada ta a shago: a juya bayanta a ga hujin, a ɗora yanki a kan bokiti a zuba masa ruwa a ga yadda yake wucewa. Yawanci tana zuwa ne a faɗin mita 2 ko mita 4. A warware ta a bar ta ta sha rana awa biyu don ta miƙe, a jera yankunan zarensu na kallon gefe ɗaya, a haɗa su da faifan haɗi da gam, a kame gefuna a jikin ginin da aka yi, sannan a baza busasshen yashi mai tsabta a share shi da tsintsiya mai tauri ya shiga tsakanin zaren. Yashin da ke da laka a cikinsa zai toshe hujin daga sama. A yanka ciyawar daidai murfin cemba da na bututun wankewa, a manna yankin a kan murfin, ta yadda za a iya buɗewa ba tare da an yage komai ba.

Ƙurar hunturu da ganyen darbejiya su ne ke toshe ciyawar daga baya, saboda haka a riƙa share ta, a kuma wanke ta da tiyo kafin faɗuwar damina. Bayan ruwan farko mai ƙarfi a ɗaga murfin cembar, a kwashe lakar da ta kwanta a gindinta da ƙaramin kwano, a leƙa ragar bakin titi a cire ledar da ta maƙale.